Iskar da ke kwashe mana kwano daga sama take faɗowa



Kowa ya san jan hadarin nan da ke tasowa daga gabas, ƙura a gaba, ruwa a baya. To ina yake samo ƙarfi? Rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi ta hau ta zama gajimare. Da ruwa ya fara zuba sai iska mai sanyi ta faɗo, ta daki ƙasa, ta bazu a guje. Ita ce ke yaye rufi.

Wani hadarin yakan yi yamma har ya wuce Senegal, ya hau teku mai ɗumi. A can iska takan yi ta juyawa tana shiga ciki, ta hau, ta fita ta ƙoli, tsakiyar kuwa tsit. Guguwar Irma da ta yi ɓarna a Amurka a 2017 daga gaɓar Afirka ta Yamma ta taso.

Mu tamu a ƙasa take gudu, itace ne ke karya mata ƙarfi. Don Allah a bar gawon da ke gabashin gari, a kuma ɗaure kwanon lakwal kafin watan Yuni.