Jawabin taron ƙungiya: kinin da zubar jini

Dattijanmu, iyayenmu mata, da ku 'yan ci-rani da kuka dawo gida noma, muna gaishe ku. Tun da damana ta kama, masassarar sauro ta taso, mun ga ya kamata mu yi magana bisa kinin.

Kinin, ko Quinimax da ake yi cikin allura, ya ceci rayuka masu yawa. Amma akwai mutum ɗaiɗai, ba su da yawa ko kaɗan, da jininsu ba ya shiri da shi. Ba sabon abu ba ne: tun 1865 wani likitan Ingila, Vipan, ya rubuta labarin waɗanda jini ya kwanta musu ƙarƙashin hwata bayan sun sha kinin.

Ga yadda abin yake. Cikin jini akwai wasu 'yan ƙwayoyi da likitoci ke kira pilaket. Su ke toshe rauni in an yanke. Mai lahiya na da 150,000 zuwa 450,000 cikin ɗan ɗigon da ake aunawa. Ga mutanen nan, in kinin ya shiga, sai dakarun jiki masu yaƙi da ciwo su juya su abka wa pilaket, har su koma ƙasa da 20,000. A karon hwarko yakan ɗauki kamar mako guda kahin ya nuna. In an sake sha, ko bayan shekaru ne, awoyi kaɗan sun isa. Bactrim da rifampisin na tarin huka su ma sukan jawo haka.

To, mi za mu duba? Haɓo da ya ƙi tsayawa, jini daga dasashi, hitsari ja ko ya ragu ƙwarai, kashi baƙi, tabo kamar an doki mutum alhali ba wanda ya taɓa shi. Akwai kuma ɗigo-ɗigo ja, ƙanana kamar ƙwayar gero. Ga baƙar hwata da wuya a gan su, sai a buɗe baki a duba kumatu ta ciki da harshe.

Wanda ya ga haka, kada ya ƙara ƙwaya ko guda, a tahi da shi asibiti ran nan, tare da kwalin maganin. Masassarar kanta tana rage pilaket, don haka likita ne zai auna ya bambanta. Kada a ba shi asfirin, ƙara tsinka jinin yake yi. Wanzamanmu kuma, don Allah, ban da ƙaho ko tsaga ga mutum cikin halin nan. Mun san al'adarmu ce a ce mugun jini ne sai an hidda shi, amma nan jinin ne ba ya tsayawa.

In an daina maganin, yawanci jini kan koma daidai cikin mako guda. Masassara kuwa ba a barin ta haka: akwai allurar artesunat, akwai Coartem, likita zai canza.

Wanda abin ya taɓa samu, likita ya rubuta masa sunan maganin a takarda, ya haɗa ta da katin shaida. Kano ce, Abijan ce ko Libiya, ya nuna ta kahin a yi masa allura. Lemun kwalba mai ɗaci da ake kira tonik ma akwai kinin ciki, ya bar shi. Mai tallar magani bisa tire kuwa ba zai tambaye shi komi ba, kuɗinsa kawai zai karɓa.

Mai tambaya ya ɗaga hannu, a hwara da dattijai.