Da Wane Suna Za Mu Kira Zamanin Kakanninmu?

A ranar murna irin ta yau akan waiwayi baya, a tuna da zamanin da bishara ba ta iso ba tukuna. To, da wane suna za mu kira zamanin nan? Waɗanda suka yi karatun Ingilishi a cikinmu sukan ce zamanin pagan ne, al'adun pagan ne. 'Yan lakwal kuwa su ce païen, duk tushensu ɗaya. Ya kamata mu san asalin kalma kafin mu ɗora wa iyayenmu ita.

Daga harshen Romawa ta fito, inda paganus ke nufin mutumin ƙauye. A ƙarni na 4 masu bi na daular Roma suka soma kiran masu bautar allolin dā da sunan nan. Masana da yawa sun ce dalili shi ne bishara ta riga kafuwa a birane, mutanen karkara kuwa suna riƙe da allolinsu. Watau suna ne da na waje ya laƙa musu, ma'anarsa ta fari baƙauye.

Su Ingilishi da suka kawo mana kalmar, kakanninsu ma haka aka kira su. A shekara ta 597 Agustin ya sauka a ƙasar Kent da bishara. A 601 Giregori, babban limamin Roma, ya aiko da wasiƙa cewa a kawar da gumaka, amma kada a rushe ɗakunan, a mai da su wurin sujada ga Allah. Shanun da akan yanka wa gumaka kuma, a yanka su a ci da godiya ga Mai bayarwa. Har wa yau sunan Laraba a Ingilishi yana ɗauke da sunan wani allahnsu na dā, Woden. Malaminsu Bede, wanda ya rasu a 735, ya rubuta cewa sunan Ista ma daga wata allahiyarsu ya samo asali. Ashe tankaɗe suka yi, suka zubar da tsaki, suka riƙe gari.

Mu ma sai mu tankaɗe. Yanka ga iskoki, da bori, da dogara ga tsafi, waɗannan mun bar su, ba kuwa za mu koma ba, gama mun sami Mai Ceto. Amma gayya a gona fa? Karɓar baƙo, da riƙon zumunci, da durƙusa wa tsofaffi? Kakanninmu ne suka koya mana su tun ba su ji sunan Yesu ba. Kadan muka ɗaure duka cikin dami ɗaya muka kira shi pagan, ko arnanci, 'ya'yanmu za su tashi da jin kunyar gidan da suka fito. Danginmu da ba su karɓi bishara ba tukuna kuma za su rufe mana ƙofa, gama ba mai sauraron wanda ya fara da zaginsa.

Ku duba Ayyukan Manzanni sura 17. A Atina ran Bulus ya ɓaci saboda gumaka, duk da haka da bagadinsu ya soma, ya ambaci maganar mawaƙansu, sa'an nan ya yi musu wa'azin tashin matattu.

Saboda haka bari mu kira kowane abu da sunansa. Tsafi mu ce tsafi, gayya mu ce gayya. Zamanin kuwa mu ce zamanin kakanninmu, kafin zuwan bishara. Ubangiji ya ba mu hikima da harshe mai ladabi. Amin.