Tafiya da Jariri: Me Za Mu Saya, Me Za Mu Bari?

Jawabin da sashen kiwon lafiya ya gabatar a taron Zumuntar Mata da magidanta

 

A 'yan kwanakin nan wasu iyaye sun tambaye mu game da kayan jarirai da 'ya'yanmu na birni suke kawowa ranar suna, wato kujerar jariri ta mota da keken tura jariri. Suna so su sani ko ya kamata su ma su saya. Amsarmu ita ce, mu fara duba irin hanyar da jaririnmu zai bi kafin mu fitar da kuɗi.

Jariri yana tafiya fiye da yadda muke zato. Akwai dawowa gida daga asibiti, ga allurar rigakafi a mako 6, 10 da 14, ga ta ƙyanda a wata 9. Kansa kuwa babba ne, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon jikinsa, wuyansa kuma bai iya riƙe kan sosai sai wajen wata 4. Duk abin da za mu ɗauke shi da shi, dole ya tare kai da wuya, ya kuma bar masa hanyar numfashi.

Mu fara da kujerar mota. Mun saba cewa cinyar uwa ta fi ko'ina. A ɗaka haka ne, amma a mota ba haka ba ne. Idan mota tana gudun kilomita 50 a awa ta yi karo, ƙarfin bugun kamar faɗowa ne daga tsayin mita 10. Babu hannun uwar da zai iya riƙe yaro a lokacin, komai ƙaunarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaure jarirai a kujerarsu yana iya rage mutuwarsu a haɗari da kashi 71 cikin 100. Saboda haka duk gidan da ke da mota, kujerar nan ta fi sabon zani da ragon suna muhimmanci.

Wajen zaɓe, a nemi wadda aka yi domin sabon haihuwa. A ɗaure ta da bel a kujerar baya, jariri yana fuskantar bayan mota, domin bayan kujerar ya tare masa kai da wuya. Kada a sa ta a gaba inda jakar iska take. A ja igiyoyinta su kama jiki sosai, a rufa zani daga sama, ba a ƙarƙashin igiya ba. Idan ta gwanjo ce, a duba ko ta tsage, ko maɓallin yana kamawa, a karanta ranar ƙarewarta. Wadda aka taɓa yin haɗari da ita, a bar ta ko da kyauta ce. A doguwar tafiya kuma a tsaya wajen kowace awa 2 a fitar da shi ya sha nono.

Keken turawa kuwa, an yi shi ne domin shimfiɗaɗɗiyar hanya. A rairayi da taɓon damina wahala zai ba mu. Wanda ya riga ya samu, ya tabbata yana kwanciya sosai, gama jariri bai isa zama ba sai wajen wata 6, kuma birkinsa yana ci. Kada a lulluɓe shi da zani a rana, zafi yana taruwa a ciki. Ga yawancinmu, zanin goyo da majanyi sun wadatar. Sai dai zanin ya tare wuya, hanci a buɗe, haɓa kada ta danne ƙirji. Ko likitoci ma sun ga amfanin jikin uwa: tun 1978 a Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara ɗaure bakwaini a ƙirjin uwa, fata da fata, yau kuma haka ake koyarwa a asibitoci.

Mun sani da yawa cikinmu babur ne motarmu. Gaskiya babu ɗaukar jariri a babur da ba ta da haɗari. In ya zama dole, a yi da rana, uwa da direba kaɗai, babu buhu, babu jarka. A ɗaure yaro a jiki, a tattara bakin zani nesa da taya, a tafi a hankali. Ku tuna a Farawa sura 33, Yakubu bai yarda ya bi saurin Isuwa ba, ya zaɓi tafiya daidai ƙarfin yara ƙanana. Magidanta, ku ne za ku faɗa wa ɗan acaɓa haka.

Roƙonmu ga dattawa shi ne, kowace ikkilisiya ta yi baiko na musamman ta sayi kujera ɗaya mai kyau, a ajiye wurin shugabar Zumuntar Mata. Duk wadda ta haihu aka samu motar da za ta kawo ta, sai a ari kujerar, a mayar. Za mu zo mu nuna yadda ake ɗaure ta.

Ubangiji ya kiyaye fitarmu da shigarmu, ya raya mana 'ya'yanmu. Amin.