Kuɗɗi iri-iri, rumbu guda: jawabi ga mutanen Tajaye da kewaye

Muna gai da ɗaliban cibiyoyin yaƙi da jahilci, maza da mata, da malamansu. Jawabinmu na yau ya nufi jahar Tawa, wajen mutanen Tajaye da maƙwabtansu na gundumomin Ilela, da Malbaza, da Birnin Ƙonni. Maganar kuɗɗin ƙasashen waje za mu yi: yadda ake aje su, da yadda ake aika su, da yadda ake canjinsu. Wanda ke da alli ko alƙalami ya matso da shi kusa, domin akwai lissafi.

Kai manomi na Tajaye, ka duba aljihunka da na ƴan gidanku. Ran Lahadi ka kai rago kasuwar Illela ta Najeriya, wadda ke ƙetaren Ƙonni, aka biya ka da naira. Ƙanenka ya bi motar albasar Galmi zuwa Gana, ya komo da sidi. Ɗanka yana cin-rani a Abijan, yana aiko da sefa. Wani ɗan'uwa yana Libiya, albashinsa dinari ne. Tsohuwa kuma tana tarin guzurin Makka, inda ake kashe riyal. Ka ga gida guda, kuɗɗi iri biyar. Wanda bai san halin kowane ba, guminsa yana iya zubewa a hanya bai sani ba.

Mu fara da namu. A ƙidayarmu, tamma 5 ita ce dala, dala 200 kuwa jika guda, wato sefa 1.000. Kada ku haɗa dalarmu da kuɗin Amurka: shi wannan dolar za mu ce masa a cikin jawabin nan, don kada a rikice.

An ƙago sefa ranar 26 ga watan Disamba 1945. Ƙasashe 8 ne ke cin kasuwa da irin tamu: Nijar, Benin, Burkina Faso, Kodebuwa, Mali, Senegal, Togo da Gine Bisau. Babban bankinsu shi ne BCEAO, cibiyarsa tana Dakar. Shi ya sa kuɗin da ɗanka ya aiko daga Abijan ba ya bukatar canji. Ladan aike kawai ake cirewa. Amma akwai wata sefa ta ƙasashen tsakiyar Afirka, irin su Cadi da Kamaru. Darajarsu ɗaya da tamu, takardunsu daban, bankinsu daban. In aka ba ka ita, sai ka nemi canji.

Tun ranar 1 ga watan Janairu 1999 sefa tana ɗaure da yuro, kuɗin Faransa da wasu ƙasashen Turai. Yuro 1 daidai yake da sefa 655,957, wato dala 131 da ɗan kai. Ku rubuta: yuro 100 ya kama jika 65 da dala 119. In wani ya aiko maka da yuro 100, abin da ya rage daga wannan adadi lada ne, kuma kana da ikon tambayar nawa aka cire. Riyal na Saudiyya shi ma ɗaure yake, amma da dolar: tun 1986 dolar 1 tana riyal 3,75. Naira da sidi kuwa kasuwa ce ke yanka masu farashi, yau sama gobe ƙasa.

To, mene ne asusun banki mai kuɗɗi iri-iri? Ku ɗauki misalin rumbu wanda aka raba cikinsa: nan gero, nan dawa, nan wake. Ƙofa guda, mai shi guda, amma hatsin bai gauraya ba. Haka wannan asusu yake. Sunanka guda ne a banki, amma akwai ɓangaren dolar, da na yuro, da na kuɗin ƙasa. In aka aiko maka da dolar, sai ta zauna a dolar, ba a canza ta sai ran da ka ce. In za ka biya wanda ya sayar maka da kaya a Dubai ko Sin, sai a biya shi daga ɓangaren dolar kai tsaye. Amfaninsa biyu ne: ba ka yin canji sau biyu, kuma kai ke zaɓen ranar canji.

Sai dai kowace ƙasa da dokarta. A Najeriya, bankuna suna buɗe wa mutum irin wannan asusu na dolar, ko yuro, ko fam na Ingila, in ya kawo takardun shaida da lambarsa ta BVN. A nan ƙasashen sefa kuwa, mazaunin ƙasa ba ya buɗe asusun kuɗin waje haka kawai. Sai ya shigar da takardar neman izini ta hannun bankinsa, ya faɗi dalili, hukumomin kuɗi su yarda tukuna. Kamfanoni da manyan ƴan kasuwa ne suka fi neman wannan izini. Haka kuma wanda ya fitar da kaya masu yawa zuwa ƙasar da ba ta cin sefa, doka ta ce kuɗin kayan su komo gida ta hanyar banki. Saboda haka duk wanda ya zo ƙauye ya ce zai buɗe maka asusun dolar a cikin wayarka in ka ba shi wani abu, kada ka miƙa masa ko dala. Tafi banki da ƙafarka ka tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Yanzu sai canji, inda mafi yawanmu ke yin hasara. Ɗan canji farashi biyu gare shi: wanda yake saye da shi, da wanda yake sayarwa da shi. Tsakaninsu nan ribarsa take, kuma banki ma haka yake yi. Ga misali, ba farashin yau ba ne, don lissafi kawai. A ce yana sayen jika a naira 2.450, yana sayar da ita a naira 2.550. Ka ba shi jika 100, ya ba ka naira 245.000. Ka shiga kasuwa ba ka samu abin da kake so ba, ka komo ka ce a maido maka sefarka. Ku raba 245.000 da 2.550: jika 96 za ka karɓa. Jika 4 sun tafi, ba ka sayi ko allura ba. Darasi na farko ke nan: kada ka canza sai abin da ka tabbata za ka kashe.

Ga misali na biyu. Ka sayar da rago naira 250.000 a ranar da jika take naira 2.500. In ka canza nan take, jika 100 ne. Ka ce bari ka aje a tukunya. Bayan wata guda naira ta faɗi, jika ta koma naira 2.700. Yanzu jika 92 da rabi kawai za ka samu. Ɓarawo bai shigo ba, gara ba ta ci ba, amma fiye da jika 7 sun salwanta, kuɗin da zai sayi tiyoyin gero. Gaskiya ne wani lokaci naira kan tashi mutum ya ci riba, amma wannan caca ce, kuma ba a caca da cimakar iyali. Darasi na biyu: ka aje kuɗinka a cikin irin kuɗin da za ka kashe. Mai sayen gero a Tajaye, sefa ce ajiyarsa.

Tsofaffinmu sun ga wannan da idonsu. Naira ta fito ranar 1 ga watan Janairu 1973, ta maye gurbin fam. A 1980 naira guda ta fi dolar guda daraja, har mutanen bakin iyaka suka riƙa ajiya da ita. A watan Afrilu 1984 gomnatin Janar Muhammadu Buhari ta sake launin takardun naira, ta rufe iyaka, ta ba da wa'adin da bai kai mako biyu ba a kai tsoffin takardu banki. Masu naira a wannan ƙetare da yawa ba su samu hanyar kai tasu ba, ta zama takarda a hannunsu. Iyakar kuwa ba ta buɗe ba sai 1986. A ƙarshen 2022 aka sake fito da sababbin takardun naira 200, da 500, da 1.000, kuɗi suka yi wuya ƙwarai a farkon 2023, sai da kotun ƙoli ta Najeriya ta ce tsoffin su ci gaba da aiki. A watan Yuni 2023 aka sakar wa kasuwa farashin naira: dolar da take wajen naira 460 ta wuce naira 1.500 a farkon 2024. Gana ma a watan Yuli 2007 ta sake kuɗinta, tsohon sidi 10.000 ya koma sabon sidi 1.

Kada ku ce sefa ba ta taɓa girgiza ba. Ranar 12 ga watan Janairu 1994 aka karya darajarta da rabi: faran guda na Faransa da yake sefa 50 ya koma sefa 100. Magani, da kayan mota, da sauran kayan da ake shigowa da su daga Turai suka yi tsada. Kowane kuɗi yana da ranarsa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sai maganar aike. Akwai bankuna, irin su SONIBANK, BIA, BAGRI da Ecobank. Akwai kuma kamfanonin aike da kuka sani, irin su Al Izza, Nita da Amana. Ko da wane ka yi hulɗa, ka yi tambaya uku kafin ka miƙa kuɗi. Nawa ne ladan aike? Da wane farashi za a yi canji? Nawa ne zai isa hannun mai karɓa, a cikin sefa? Ta ukun ita ce babba, domin wani yakan rage lada ya fanshe a farashin canji. In an gama, ka karɓi takardar shaida, ka karanta sunan da adadin tun kana tsaye a wurin. Lambar sirrin da aka ba ka, mai karɓa kaɗai za ka faɗa wa. Ke uwargida da maigida ke aiko wa daga cin-rani, ki tafi da katinki na ɗan ƙasa, ki ƙirga kuɗin da kanki kafin ki bar teburin. Wanda zai ƙetare iyaka da kuɗɗi masu yawa a jiki kuma, ya tambayi ƴan duwan adadin da doka ta ce a bayyana, kada a karɓe masa.

Mun san akwai masu gudun banki saboda kuɗin ruwa. Ku sani akwai asusun ajiya da ɗauka wanda ba a ɗora masa ruwa, akwai kuma Bankin Musulunci na Nijar. Game da canji, malamai sun yi bayani cewa halal ne a canza kuɗin wata ƙasa da na wata bisa farashin da aka yarda, muddin an yi shi hannu da hannu a zama guda. Wannan ma kariya ce gare ka: kada ka ba da nairarka yau a ce ka komo jibi ka karɓi sefa.

Ƴan'uwa, duk abin da muka faɗa ya tsaya ne bisa karatu da lissafi. Wanda ya iya karanta lamba ya san bambancin 2.450 da 2.540, ba a rufe masa ido da saurin baki. Wanda ya iya sa hannu ba ya bukatar ɗan rakiya ya san sirrin ajiyarsa.

Ga aikin da za ku yi a cibiya tare da malaminku. Na ɗaya: in jika tana naira 2.600, jika nawa za a samu da naira 130.000? Na biyu: yuro 50 jika nawa ne? Na uku: kowa ya faɗi kuɗɗi iri nawa suka shigo gidansu bana, da inda aka canza su, da abin da aka cire. Ku aiko mana da amsoshinku ta hannun malamin cibiya, za mu karanta su a shiri na gaba.

Allah ya sa albarka a cikin nemanku, ya maido da matafiyanmu gida lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.