Jawabi A Kan Amosanin Jini Da Awon Jini Kafin Aure

   

An ce in yi muku magana a kan ciwon nan da mu ke kira amosanin jini, likitoci kuwa suna ce masa sikila. Kusan ba lungun da babu shi a zangon nan. Kun san yaron da, in sanyin damina ya sauka, sai ya kwana yana kuka da gaɓoɓi, idanunsa su yi ɗorawa. Tonawa suna ce da shi ahotutuo. A ƙasar Gana, cikin jarirai ɗari, wajen biyu da shi a ke haifarsu.

To, mene ne asalinsa? Cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam akwai wani rubutu da masana ke kira DNA, harufansa sun kai miliyan dubu uku. Kwafi biyu mutum ke da shi, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Ku da kuka yi karatun allo kun san yadda ɗigo guda kan sāke kalma. To, haka nan ne: harafi ɗaya tak ya sauya a wurin da ke tsara abin nan ja mai ɗaukar iska cikin jini. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa a Amurka suka gane abin nan ja na mai ciwon dabam ya ke. A 1956 kuma Vernon Ingram, a Kambirij ta Ingila, ya nuna bambancin wuri ɗaya ne kurum. Ƙwayar jini da ya kamata ta zama kewayayya mai laushi sai ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Ita mai lafiya ta kan yi kwana 120, wannan kuwa da ƙyar ta ke wuce 20.

Wanda ya gaji harafin daga gefe ɗaya, shi ne AS. Lafiyarsa lau, yana ɗaukar hūhun goro kamar kowa, har ma an gane tun 1954 cewa zazzabin sauro bai cika kashe irinsu suna yara ba. Shi ya sa abin ya yawaita a ƙasashenmu. Wanda ya gada daga gefe biyu, SS, shi ne mai ciwon. Ku lura da kyau, gefe biyu na ce. Saboda haka mijin da ya saki mata don wai ita ke haifa masa marasa lafiya, ya zalunce ta, domin rabin abin daga jikinsa ya fito. Ba maita ba ce, ba kuma aikin kishiya ba.

In AS ya auri AS, kowane ciki ɗaya ne bisa huɗu. Ba kamar adashi ba ne, da in ka ɗauka sai layi ya wuce ka. Kamar a zuba goro huɗu cikin ƙwarya ne, uku fari ɗaya ja, ka rufe ido ka ɗauka, sa'an nan ka mayar. Ana iya cin karo da ja sau uku a jere, ana iya haihuwa shida ba a gan shi ba.

Yanzu ga labarin da ya sa aka kira ni. A 2012 wasu mata biyu masana, Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier, suka bayyana wata dabara ta yanke rubutun nan daidai inda a ke so, sunanta CRISPR. Da ita aka yi magani mai suna Casgevy, wanda Ingila ta yarda da shi a Nuwamba 2023, Amurka kuma a Disamba. Hikimarsa abin mamaki ce. Jariri a ciki yana da wani irin jini nasa wanda ba ya lanƙwasa, bayan haihuwa jiki ya daina yinsa. Sai likitoci su ɗebi ƙwayoyin ɓargon maras lafiya, su yanke makullin da ya rufe wancan jini na jarirai, su mayar masa. Cikin mutum 31 da hukumar Amurka ta duba, 29 sun yi shekara cur ba su yi mugun tashin ciwo ba.

Amma kada kowa ya sayar da rumfarsa. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum guda. Tilas kuma a fara kashe tsohon ɓargo da magani mai ƙarfi, wanda kan iya hana haihuwa, a kwanta asibiti makonni. Ko wanda ya warke, zai iya ba 'ya'yansa harafin yadda ya ke.

Abin da hannunmu ya kai ya fi wannan araha nesa ba kusa ba. Tun 1995 aka soma awon jarirai a Kumasi, ƙarƙashin marigayi Farfesa Ohene-Frempong, da ɗigon jini daga diddige. Yaron da aka gane da wuri a kan ba shi fenisilin kullum, da rigakafi, a sa shi cikin gidan sauro. Akwai kuma ƙwaya mai suna hydroxyurea. An gwada ta kan yara a Angola, Kwango, Kenya da Uganda, aka buga sakamakon a 2019: tashin ciwo ya ragu, zazzabi ya ragu, mutuwa ma ta ragu. Likita ne ke ba da ita, da awon jini loto-loto, ba ta kanti ba ce.

Sai maganar aure, wadda na san ta fi nauyi. Mu baƙi ne a ƙasar nan tun kakanni, mun saba haɗa ɗan wa da 'yar ƙane don zumunci ya ɗore. Ban ce a bari ba. Sai dai 'yan kaka ɗaya sun fi kusa da su riƙe harafi iri ɗaya, don haka awo ya fi zama wajibi gare su.

Ga wani abu da ke ruɗin mutane a nan Gana. Akwai wani iri kuma, C, mai yawa a arewa, wajen Tamale da ƙasar Mosi. Ƙaramin awon da a ke rubuta wa mutum cewa ba shi da sikila ba ya ganin C. AC kuwa in ya auri AS, suna iya haifar SC, shi ma ciwo ne, ya kan taɓa ido da ƙugu. Ku roƙi babban awo, wanda zai rubuta harufa biyu ɓaro-ɓaro: AA, AS, AC, ko wani.

Roƙona ga waliyyai da Liman shi ne a nemi takardar nan tun ranar gaisuwa, kafin a kai goro, kafin a sayi lefe. Ranar ɗaurin aure, an yanka sa, baƙi sun zo daga Ankara da Salaga, ba mai iya buɗe baki ya ce a fasa. Wanda kuma aka auna aka sami S ko C, a rufa masa asiri, kada a kai zancen kasuwa.

Mai tambaya ya tashi ya yi.