SHIRIN ABINCI KAFIN AIKIN FIƊA NA RAGE ƘIBA

Jawabin yau ya shafi irin abincin da likita yakan ɗora wa mutum cikin makonnin da suka gabaci aikin fiɗa na rage ƙiba. Yawancin waɗanda za a yi wa wannan aiki hankalinsu yakan tafi ga ranar aikin, da kuɗin da za a kashe, da yadda jikinsu zai koma bayan sun warke. A wurin likitocin fiɗa kuwa, aikin yana farawa tun mako biyu ko fiye kafin mutum ya hau gadon asibiti, kuma a cikin kwanon abincinsa yake farawa. Tun ran gini tun ran zane.

WA AKE YI WA WANNAN AIKI?

A wurare da yawa na ƙasar nan har yanzu ana ɗaukar ƙiba alamar wadata da kwanciyar rai. Amma idan ta wuce haddi ciwo ce, domin tana jawo ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon zuciya, da ciwon gwiwa, da yankewar numfashi a cikin barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ita.

Likitoci suna da ma'aunin da suke gane ta da shi. Akan ɗauki tsawon mutum a mita a ninka shi da kansa, sa'an nan a raba nauyinsa a kilo da abin da aka samu. Alal misali, mai tsawon mita 1.7 da nauyin kilo 120, ma'auninsa ya kai 41 da ɗoriya. Daga 25 mutum ya yi nauyi fiye da kima, daga 30 kuwa ya shiga sahun masu ƙiba. A shekarar 1991 masana a Amurka suka yanke cewa a yi aikin ga wanda ya kai 40, ko 35 idan yana da wani ciwon da ƙibar ta jawo. A shekarar 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauta, suka ce daga 35 aikin ya dace, kuma ana iya duba mai ciwon sukari tun daga 30. Duk da haka likita ne ke yanke hukunci, bayan an gwada gyaran abinci da motsa jiki da magani abin ya faskara.

YADDA AIKIN YAKE

Hanyoyi biyu ne suka fi yawa. A ta farko akan yanke kimanin kashi 80 cikin 100 na tumbi a fid da shi, a bar ɗan siriri mai kama da ayaba. A ta biyu akan keɓe wata 'yar jaka a saman tumbi a haɗa ta da ƙaramin hanji, ta yadda abinci zai tsallake sauran tumbin. Likita Edward Mason na Jami'ar Ayowa a Amurka shi ya soma wannan hanya ta biyu a shekarar 1966. A wancan zamani sai an tsaga ciki. Tun daga shekarun 1990 aka koma yin 'yan ƙananan huji a fatar ciki, a hura iska domin a sami sarari, a zura siririyar kyamara da dogayen kayan aiki, likita yana kallo a allo. Wannan hanya ta rage zafi da kwanakin jinya ƙwarai, sai dai filin aikin ƙunci gare shi. A nan ne zancen abinci ya shigo.

HANTA ITA CE DALILI

Hantar babban mutum takan kai kimanin kilo ɗaya da rabi. Ɓangarenta na hagu yana kwance a kan saman tumbi, daidai inda likita yake son yin aiki. Kafin ya ga abin da zai yanka, tilas ya sa wani ƙarfe ya ɗaga hantar ya riƙe ta gefe har a gama.

Hanta rumbu ce. Idan mutum ya ci tuwo ko shinkafa ko burodi, jiki yakan mai da sitacin sukari, hanta kuma ta adana wani kashi nasa a matsayin abin da ake kira gilaikojin. Kowane giram ɗaya na gilaikojin yana riƙe da ruwa kimanin giram uku. Abin da ya yi saura kuma a mai da shi kitse, wani ya zauna a cikin hantar kanta. Shi ya sa yawancin masu ƙiba mai tsanani hantarsu takan kumbura, ta yi nauyi, ta yi taushi. Irin wannan hanta tana tare wa likita gani, tana da wuyar ɗagawa, kuma tana iya tsagewa ta zub da jini. Idan ta yi girma da yawa, likita yana iya komawa ga tsaga ciki, ko ya dakatar da aikin ɗungum bayan an riga an sa mutum barci, a sake sa wata rana. Asarar kuɗi ke nan, da ta lokaci, da shiga haɗari a banza.

Maganin wannan shi ne a sa jiki ya cinye abin da ke cikin rumbun. Idan aka rage sitaci da sukari da mai sosai, cikin 'yan kwanaki hanta takan ƙarar da gilaikojin, ruwan da ke tare da shi ya fita, sa'an nan ta soma ƙona kitsenta. Wani bincike da aka buga a shekarar 2006, wanda aka yi a birnin Melbon na Ostareliya a kan mutum 32, ya nuna cewa bayan mako 12 na irin wannan abinci hanta ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma kashi 80 cikin 100 na raguwar ya faru ne a mako biyun farko. Wani kuma da aka buga a shekarar 2011, a kan kusan mutum 300 a asibitocin Turai, ya sami cewa waɗanda suka yi kwana 14 a kan abincin sun fi ƙarancin matsala cikin wata ɗaya bayan aiki. Dalili ke nan da ya sa mako biyu ya zama adadin da aka fi bayarwa, ko da yake mai nauyi ƙwarai ana iya ba shi mako huɗu ko fiye.

TSARIN ABINCIN

Ƙarfin da abinci ke ba jiki da kalori ake auna shi. Babban mutum yakan ci 2,000 ko fiye a yini. A wannan shiri akan mai da shi tsakanin 800 da 1,000. Giram ɗaya na sitaci ko na furotin, watau abincin da ke gina jiki, kalori 4 ne, na mai kuwa 9. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko man ja ya kai kalori 120. Kwalbar lemo mai rabin lita tana ɗauke da sukari kusan giram 50, watau kalori 200, kashi ɗaya cikin huɗu na abincin yini guda.

Abubuwan da za a bari, ko a rage su zuwa ɗan abin da asibiti ya auna, su ne tuwo kowane iri, da shinkafa, da sakwara, da teba, da amala, da taliya, da burodi, da dankali, da masa, da fura, da kunu. Haka nan sukari, da zuma, da rake, da dabino, da lemun kwalba, da zoɓo mai zaƙi. Duk abin da aka soya a mai, kamar ƙosai da soyayyen nama, a ajiye shi, tare da man shanu da gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Giya kuwa ba ta da wuri ko kaɗan, domin kai tsaye take cutar hanta.

Abin da za a dogara da shi shi ne furotin, kimanin giram 60 zuwa 80 a yini, domin kada tsoka ta zube tare da kitse, kuma domin rauni ya warke da wuri. Ana samunsa a gasasshen kifi ko dafaffe, da kaza wadda aka cire fatarta, da nama marar kitse, da dafaffen ƙwai, wanda guda ɗaya ke ba da giram 6, da awarar da ba a soya ba. Nonon da aka kaɗe aka fid da mansa ya fi kindirmo dacewa, muddin an dafa madarar tun farko kuma ba a zuba sukari ba. Ganyaye irin su zogale, da alayyafo, da rama, da kabeji, da latas, haka nan kuɓewa da yalo da tumatir, suna cika ciki ba tare da kalori mai yawa ba. A sha ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu kowace rana, da ƙwayar bitamin da likita ya rubuta.

Asibitoci sun bambanta. Wasu a Ingila sukan ɗora mutum a kan madara marar mai da yogot kaɗai, wasu a kan garin abinci na musamman da ake damawa, wasu kuma a kan abincin gida da aka auna. Kowa ya bi takardar da asibitinsa ya ba shi, kada ya ari ta maƙwabci.

MASU SHAN MAGANI

Wannan sashe ya fi kowane muhimmanci. Mai ciwon sukari da ke yin allurar insulin, ko yake shan ƙwayoyin da ke sauke sukari da ƙarfi, idan ya rage abinci bai rage magani ba, sukarinsa yana iya faɗuwa ƙasa. Alamominsa su ne rawar jiki, da gumi, da bugun zuciya, da ruɗewa, har suma. Lalle ne ya ga likitansa kafin ranar farko domin a gyara masa adadin maganin, ya riƙa auna sukarinsa sau da yawa a yini. Idan alamomin suka zo, ya sha abu mai zaƙi nan take ya sanar da asibiti, domin rai ya fi tsarin abinci. Akwai kuma wasu magungunan sukari masu fid da shi ta fitsari, waɗanda likita yakan tsayar kafin aiki.

Mai hawan jini shi ma jininsa yana iya sauka har ya riƙa jin jiri in ya miƙe. Mai ciwon ƙoda ko na hanta, tsarinsa daban ne. Wanda ke yin allurar rage ƙiba ta mako-mako ya gaya wa likitan sa barci, domin tana jinkirta fitar abinci daga tumbi. Magungunan ciwon jiki, da masu tsinka jini, da na gargajiya, duk a kai su gaban likita ya gani. Mace mai ciki ba a ɗora ta a kan wannan abinci, ba a kuma yi mata aikin, kuma ana shawartar mata su jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18 bayansa. Mai shan taba ya daina aƙalla mako shida kafin ranar.

ABIN DA MUTUM ZAI JI

Kwana uku ko huɗu na farko su ne masu wuya. Akan ji yunwa, da ciwon kai, da kasala, da saurin fushi. Baki yakan yi wani irin wari, alamar jiki ya soma ƙona kitse. Bayan gida yakan yi tauri, shan ruwa da cin ganye suna sauƙaƙa shi. Daga nan yunwar takan lafa. Amma amai marar tsayawa, ko suma, ko ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ba abin haƙuri ba ne, a garzaya asibiti.

KURAKURAI HUƊU

Na farko shi ne walimar ban kwana da abinci ana gobe ko jibi aiki. Cin tuwo ko shinkafa mai yawa sau ɗaya yana iya sake cika hanta da gilaikojin da ruwa, wahalar kwanaki ta tafi a banza. Na biyu shi ne ƙin cin kome domin a yi sauri. Wannan yana zub da tsoka ya raunana jiki a lokacin da yake bukatar ƙarfi. Na uku shi ne shayin rage teɓa da ake talla a kasuwa da wayar hannu. Yawancinsa zawo da fitsari yake sawa, ruwa ne ke fita, hanta tana nan yadda take. Na huɗu shi ne ɓoye wa likita gaskiya. Wanda ya karya tsarin ya faɗa tun da wuri, gara a ɗaga ranar da a gano a kan gadon fiɗa.

IYALI DA MASU TAFIYA WAJE

A gidajen da ake ci a kwano ɗaya, mutum ba zai iya wannan shiri shi kaɗai ba. Mai girki ta san abin da aka hana da abin da aka yarda, a keɓe masa nasa kwano, 'yan'uwa kuma su daina matsa masa da cewa loma ɗaya ba ta kome. Idan makonnin suka faɗo cikin azumi ko lokacin biki, a tattauna da likita tun kafin a sa rana.

Waɗanda za su je aikin a Indiya ko Masar ko Turkiyya su lura cewa mako biyun nan yawanci a gida zai same su. Su nemi tsarin abincin a rubuce kafin su tashi, su sami likita a nan gida wanda zai duba magungunansu da jininsu, wanda kuma zai ci gaba da lura da su bayan sun dawo.

RANAR AIKI DA BAYANTA

Ƙa'idar da aka saba ita ce a daina cin abinci awa shida kafin a sa mutum barci, ruwa zalla kuwa awa biyu, sai fa in asibiti ya ba da wani umurni. Bayan aiki za a soma da ruwa-ruwa, sa'an nan abinci mai laushi, kafin a koma ga na kullum cikin 'yan makonni, kaɗan-kaɗan, da bitamin har iyakar rai. Wanda ya saba da auna abinci, da fara cin furotin, da kurɓar ruwa a hankali tun kafin aiki, sabuwar rayuwar ba za ta zo masa baƙuwa ba.

Duk mai shirin wannan aiki ya tambayi likitansa abu uku: ranar da zai fara abincin, abin da zai ci kowace rana, da yadda zai yi da magungunansa. Ya karɓi amsar a rubuce, ya bi ta har ranar ƙarshe. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara wa ƙasa lafiya.