Birnin Coventry da Kangon da Aka Ƙi Rushewa

 

Kwamitin shirya wannan taro ya nemi in ɗan yi bayani a kan garin da ma'aikatarmu ta tura ni kwas a Ingila, wato Coventry. Na karɓi wannan aiki da farin ciki, domin labarin garin ya shafi wata magana da ke gabanmu a ƙungiyance, wadda zan zo kanta in Allah ya yarda.

Coventry tana tsakiyar Ingila, kusa da Birmingham, kimanin kilomita 150 daga Landan. Tsohon gari ne ƙwarai. A shekarar 1043 wani basarake mai suna Leofric da matarsa Godiva suka kafa gidan ibada a wurin, daga baya garin ya bunƙasa da sana'ar ulu da saƙa da rini har ya shiga sahun manyan biranen ƙasar. An kewaye shi da ganuwa mai ƙofa 12. Sarki Charles na Biyu ya sa aka rushe ganuwar a 1662, saboda mutanen garin sun juya wa mahaifinsa baya lokacin yaƙin basasa. Ƙofa biyu kacal suka rage, ta Cook Street da ta Swanswell. Can kuma a 1885 John Kemp Starley ya ƙera irin keken da muke hawa yau, mai ƙafafu biyu daidai da juna da sarƙa. Daga keke aka koma babur, aka koma mota, aka koma injin jirgin sama. To, wannan arziki na masana'antu shi ya ja wa garin bala'i da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke.

Daren 14 ga Nuwamba, 1940, farin wata kamar rana, jiragen Jamus wajen 500 suka yi ta zubo bama-bamai tun bayan magariba har wajen asuba. Mutum 568 aka lissafa sun mutu, gidaje fiye da 4,000 suka rushe. An binne da yawa daga cikin mamatan a babban kabari guda a maƙabartar London Road.

Abin da ya faru da babbar majami'ar garin, ta St Michael, shi nake so ku saurara da kyau. Ginin ya haura shekara 500 a lokacin. Rufinsa hawa biyu ne, dalma a waje, katako a ciki, da ɗan sarari a tsakani. Ƙananan bama-bamai masu cinna wuta sai su huda dalmar su maƙale a wannan sarari, inda hannu ba ya kaiwa. Mutum huɗu ne ke gadi a kan rufin a daren, cikinsu har da shugaban limaman majami'ar, Richard Howard, da magininta, Jock Forbes. Sun yi ta fama da yashi da bokiti har ƙarfinsu ya ƙare. 'Yan kwana-kwana sun iso, amma bututun ruwan gari sun farfashe, ruwa ya yanke. Da gari ya waye babu abin da ya saura sai bango huɗu da hasumiya mai tsawon kusan mita 90.

Shi Forbes ya ga gumagumai biyu na rufi da suka ƙone sun faɗo ɗaya bisa ɗaya kamar gicciye, ya ɗaure su aka kafa a kan tarkacen. Wani limami kuma ya tsinci tsofaffin ƙusoshi uku ya haɗa su haka nan. Howard ya sa aka rubuta kalma biyu a bangon kangon, na roƙon Ubangiji gafara, kuma ya ƙi a ƙara kalmar da za ta nuna cewa Jamusawa kaɗai ake nema wa gafarar. Ran Kirsimeti na wannan shekara ya yi magana ta rediyon BBC daga cikin kangon, yana kira da a cire tunanin ramuwa. Ku tuna fa, makonni shida ke nan da harin, kuma yaƙi bai ko kai rabi ba. Ni Musulmi ne, ba addinina ba ne, amma na san irin wuyar da ke cikin faɗin wannan magana a gaban wanda ya rasa ɗansa.

Bayan yaƙi aka yi gasar zanen sabuwar majami'a, Basil Spence ya ci a 1951. Shawararsa ita ce kada a share kangon, a bar shi yadda yake, a gina sabuwa a gefensa a haɗa su da wata doguwar rumfa. Sarauniya Elizabeth ta aza harsashi a 1956, aka buɗe ginin ran 25 ga Mayu, 1962. Matasa daga Jamus sun zo sun yi aikin gayya wajen gyara ɗakunan da ke cikin kangon. Coventry ta ƙulla zumunci da birnin Dresden a 1959, birnin da jiragen Ingila da Amurka suka ƙone a Fabrairun 1945 har mutum kimanin 25,000 suka hallaka. Wannan aikin sulhu ya iso har ƙasarmu: cibiyar sasanci ta majami'ar tana cikin waɗanda suka taimaka wajen yarjejeniyar zaman lafiya da malaman Musulmi da na Kirista suka sa wa hannu a Kaduna a 2002.

Sai dai kada ku ɗauka duk abin da Coventry ta rasa bom ne ya ci. Tun kafin yaƙi, a shekarun 1930, hukumar gari ta rushe tsohuwar unguwar Butcher Row don ta fitar da titi. Bayan yaƙi ma injiniyoyi sun kawar da gidaje da yawa da suka tsira, domin gina kasuwar zamani da hanyar da ta zagaye tsakiyar gari. Da aka farga, sai aka riƙa kwance sauran tsofaffin gidajen katako ana kai su titin Spon ana sake haɗawa. Wurin yana da kyaun gani, amma a ganina ya fi kama da baje koli, domin gidan da aka raba da unguwarsa ya rasa rabin labarinsa. Gidan gajiyayyu na Ford, wanda aka gina a 1509, ya fi sa'a. Bom ya faɗa masa a Oktoban 1940 ya kashe mutum takwas, amma aka tattara katakansa na asali aka mayar da shi a inda yake, aka gama a 1953.

Yanzu ga maganarmu. Kowa ya ji shawarar a rushe tsohon ɗakin taron makaranta a gina sabo da kuɗin gidauniyarmu. Ba na musun cewa rufin yana yoyo, bangon gabas ya tsage, kuma ɗalibai sun ninka yadda muka bar su. Sabon ɗaki wajibi ne. Abin da nake roƙo shi ne a gina shi a filin da ke gefe, a bar tsohon a tsaye. A cikinsa aka kira sunan kowannenmu ran farko, a cikinsa muka rubuta jarrabawar fita, kuma allon sunayen shugabannin ɗalibai yana manne da bangonsa. Ina ba da shawara kafin a kaɗa ƙuri'a a samo injiniya daga cikinmu, muna da su fiye da ɗaya a zauren nan, ya auna tsagewar ya kawo mana kiyasin gyara a rubuce, a ajiye shi kusa da kiyasin rushewa, kowa ya gani da idonsa. Idan kwamiti ya amince, ni na ɗauki nauyin kuɗin motarsa da na buga rahoton.

Malamai, Allah ya ƙara girma, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.